Wayarsa Ta San Gidanmu

Na san kuna jiran labarin zuwansa. Tun jiya nake ganin saƙonninku, wata baiwar Allah har ta rubuto min wai in turo hoton rigar da na sa. Ku yi haƙuri, babu hoto. Sau uku ina buɗe kwamfuta in rubuta, sau uku ina rufewa. Yanzu dai Baba ya samu barcin rana, gidan ya yi shiru, bari in faɗa muku yadda ta kasance. In na tsallake wani abu ku yi min uzuri, kaina bai dawo daidai ba.

Saboda sababbin da suka shigo: shekarata ashirin da tara, ni ce ta tsakiya a gidanmu. Babban Yaya yana wani gari da iyalinsa, sai a waya. Auta tana shekarar farko a jami'a. Baba kuwa shekara huɗu ke nan da samun shanyewar ɓarin jiki, hannun dama da ƙafar dama sun tafi, harshe ya yi nauyi. Umma tana fama da ciwon baya, bokiti ma ba ta iya ɗauka. Ni nake ɗaga shi daga gado zuwa kujera, ni nake ba shi abinci, kuma duk gidan ni kaɗai nake gane maganarsa. In ya yi magana kowa ni yake kallo.

Aikina a ɗaki nake yin sa. Ina amsa saƙonnin kwastomomin wani kamfanin jigilar kaya, daga takwas na safe zuwa huɗu. Ranar Laraba ce kaɗai nake zuwa ofis. Gidanmu a kwari yake, ga wani dogon bene ya tokare mu ta baya, saboda haka babu sabis a cikin gidan ko ɗigo. In kana son kira sai ka fita bakin ƙofa ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Abin da ya cece ni shi ne modem, wani ɗan farin akwati mai eriya biyu da layi a cikinsa. Na ɗora shi a saman sif ɗina kusa da taga, nan kaɗai yake kamawa. Daga bayansa na ja kebul har zuwa kwamfutata, don in na bar ta a waifai sai ta riƙa yankewa ina tsakiyar magana da kwastoma. Wayoyin gida su ne a kan waifai. Wata biyu da suka wuce na gane maƙwabta sun mayar da mu rijiyar unguwa, sai na canza lambar sirrin, na sa wata doguwa mai haruffa da lambobi wadda ni kaina sai na duba takarda. Waya ba ta hawa sai an taɓa rubuta mata lambar nan. Amma in aka rubuta sau ɗaya, shi ke nan, duk ranar da ta shigo gidan da kanta za ta hau, ko sallama ba ta yi.

Shi kuma Dogo, saurayin nawa, a kemis ɗin da nake sayen maganin Baba yake aiki. Ni na sa masa sunan, don sai ya sunkuya yake wuce ƙofar shagon. Shi kuma yana ce min 'Yar Baba. Wata takwas muna tare, iyakarsa bakin ƙofarmu, nan ma sau biyu da ya kawo magani ana ruwa. Cikin gidanmu bai taɓa takawa ba. Haka na sani. Haka kuma ya tabbatar min ranar Juma'a a saƙo:

"Gobe ki fito ki shiga da ni, kar in ɓata a gidan surukai."

Na mayar masa: "Ɗaki uku ne da falo, ko makaho ba ya ɓata."

Jiya tun asuba nake tsaye. Na wanke falo, na canza labule, na yi wa Baba wanka na sa masa farar rigarsa, na fesa turare a ɗakinsa har sau biyu saboda warin magani ba ya jin sabulu. Ni kuma na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin zare a wuya, wadda na ajiye tun bara ban taɓa sawa ba, da mayafi ruwan madara. Na sa kwalli, na goge, na sake. Auta tana zaune a bakin gadona tana kallona ta madubi, ba ta ce uffan ba. Auta fa, wadda ko kaza ta gifta sai ta yi sharhi.

"Ke lafiya? Ko rigar ba ta yi ba?"

"Ta yi, Anti. Kin yi kyau."

Ta tashi ta fita. Na ce a raina ƙila kishin ƙanne ne, za a raba ta da mai yi mata guga.

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna ya iso. Na fita na shigo da shi, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Umma. Na tura kujerar Baba zuwa falo. Baba ya ɗago ya dube shi, gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga, ya yi magana. Duka suka juyo gare ni.

Abin da kunnena ya ji shi ne, "Ka dawo?"

Na ce a raina, a'a, harshen ne. Na yi murmushi na ce, "Yana maka sannu da zuwa."

Na kawo lemo da ruwa. Aka taɓa hira, rabi da rabi, Umma tana kallon carbinta, Dogo yana kallon kafet. Na ɗauka kunya ce. Sai ya ce yana so ya nuna wa Baba hoton mahaifinsa marigayi, wai sun taɓa aiki a ma'aikata ɗaya. Ya zaro wayar.

Na ce, "Ai nan babu sabis, kawo in sa maka lambar sirrin..."

Ban rufe baki ba wayar ta fara ƙara a hannunsa. Tin. Tin. Tin-tin-tin. Saƙonni suna ta zubowa. Ina tsaye a kansa da tire, idona ya sauka a saman allon, ga 'yar alamar waifai nan a cike, baka uku reras.

Jama'a, ban san yadda tiren nan bai faɗi ba.

Ya kife wayar a cinyarsa. Umma ta ce, "Ajiye mana, kin tsaya wa mutum a ka." Na ajiye. Na zauna. Sauran zaman ban san me aka ce ba. Na dai san bai kai minti arba'in ba ya miƙe, ya riƙe hannun Baba na hagu ya daɗe bai saki ba. A bakin ƙofa na jira ya ce wani abu. Ya dube ni, ya dubi rigar, ya ce, "Kin yi kyau, 'Yar Baba. Allah ya saka miki." Ya juya. Wane irin saurayi ne yake cewa Allah ya saka miki ranar da ya fara zuwa gidanku?

Ko mayafi ban cire ba na shige ɗaki na tura ƙofa. Fitilun modem huɗu suna nan kore shar. Na duba kebul ɗin, na danna shi ya shige sosai, na buɗe kwamfuta na shiga shafin modem ɗin, inda nake duba data in ta kusa ƙarewa. Akwai wani gefe da yake jera duk na'urar da ta taɓa hawa, da ranakun da ta hau. Ban taɓa damuwa da shi ba sai lokacin maƙwabta, nasu kuma tun a lokacin na goge.

Kwamfutata. Wayata. Wayar Auta. Wayar Umma. Sai ta biyar, da cikakken sunansa a jiki, don shi irin mutanen nan ne masu sa wa waya sunansu.

Na danna. Ta hau a ranar, ƙarfe biyu da minti goma. Ta hau ran sha bakwai ga wata. Ta hau ran goma. Ta hau ran uku. Na jawo kalandar da ke bango duk da na riga na sani. Laraba, Laraba, Laraba. Duk wajen sha ɗaya na safe, lokacin da nake ofis ina shan shayi ina tura masa "ya aiki?" yana mayar min "ga mu nan a shago."

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata wuri ɗaya ta tafi. Ranar Laraba Auta ba ta da lacca. Shekararta sha tara, fara ce, mai dariya, hannunta bai san ruwan wankin zanin gado ba. Na dubi nawa hannun, duk ya yi kanta. Na leƙa na kira ta, muryar da ta fito ban san ta ba.

Ta shigo. Na juya mata kwamfutar.

"Karanta."

"Anti..."

"Wa ya ba shi lambar?"

Ta fashe da kuka. "Ni ce."

Na zauna a bakin gado. "Tun yaushe kuke tare?"

Ta ɗago a firgice, hawaye shaɓe-shaɓe. "Muke me? Innalillahi! Anti, ni? Wallahi tallahi ba haka ba ne! Bidiyo zai kalla, shi ya sa na sa masa. Bidiyon yadda ake ɗaga mara lafiya daga gado."

"Bidiyon me?"

"Ki tambayi Umma. Ta ce in na faɗa miki ba ta yafe ba."

A nan wani abu ya faɗo min. Da, in na dawo ranar Laraba a kwance nake samun Baba, don babu mai ɗaga shi. Amma Larabobin nan a kujera nake tarar da shi, an ma juya shi yana kallon taga. Na tambaya sau ɗaya, Auta ta ce dabara suka yi ita da Umma. Na ji daɗi har na saya mata turare.

Umma tana kicin tana goge kofunan da babu wanda ya sha komai a ciki. Ba ta juyo ba.

"Akwatin naki ya faɗa miki ko?"

"Umma, me ya kawo shi gidan nan sau uku ban sani ba?"

"Ni na kira shi. A jikin ledar magani na samu lambar shagon."

"Don me?"

Ta ajiye kofin, ta jingina da bango ta dafe bayanta. "Don in faɗa masa gaskiya, tunda ke ba za ki faɗa ba. Na ce masa yaro, ba ni da abin da zan ce a kanka sai alheri. Amma in ka ɗauke ta, wa zai ɗaga shi? Wa zai ba shi abinci? In ya ce ruwa yake so, ni da na yi shekara talatin da biyar da shi sai in miƙa masa filo. Na ce ka yi haƙuri ka nemi wata."

"Umma, ni kika ce a bari?"

"Ke na ce a bar min."

Na ja kujera na zauna.

Ta ci gaba, a hankali, kamar labarin wasu take bayarwa. Ya ce mata ba zai nemi wata ba. Ya ce a koya masa. Zai kama gida a layin nan, ko ma mu zauna a ɗakin Babban Yaya da yake rufe, shi bai damu da abin da mutane za su ce ba. Ya roƙe ta kar a faɗa min sai ya iya, don in ya kasa kar ya sa min rai a banza. Ranar farko ya kalli bidiyon sau huɗu, ya sa hannu a hammatar Baba, suka kusa zubewa su biyu. Rana ta biyu ya ɗaga shi cak, har ya yi masa aski.

"Da ɗagawa ce kaɗai, da ya ci," in ji Umma. "Abincin ne."

Rana ta uku ya ce zai ba shi abinci da kansa. Kuma ranar ya zo da mahaifiyarsa, don ta ga gidan da ɗanta yake cewa zai shiga. Baba ya ga baƙuwar fuska, ga cokali a hannun wani, ya datse baki. Dogo ya lallaɓa, ya lallaɓa, ya samu cokali ɗaya ya shiga. Baba ya shaƙe. Ya yi ta tari har idonsa ya juye, abincin ya dawo a rigarsa, yana kuka yana kiran wani abu da babu wanda ya gane a cikinsu.

"Ni na gane," Auta ta faɗa daga bakin ƙofa. "Uwata yake cewa."

Haka Baba yake kirana.

"Ita kuma Hajiyar tasa tana tsaye," in ji Umma. "Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwa ba. Ba ta yi mana rashin mutunci ba, ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta fita. Washegari ya kira ni yana kuka, namiji guda. Ta ce masa ita ba ta ƙi ki ba, amma ba ta haife shi don ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin gadon wani ba. In ya yi, babu ita babu shi."

"To zuwan yau na mene ne?"

Sai a lokacin idonta ya kawo ruwa. "Ni na roƙe shi. Na ga kin ɗinka rai a kan ranar nan, kin fito da rigarki kin rataye tun Litinin. Na ce ya zo ki samu ranarki, daga baya ya janye a hankali. An ba shi riƙon sabon reshen shagonsu a wani gari, sau biyu yana ƙi saboda ke. Yanzu ya karɓa. Juma'a zai tafi."

Wato ni kaɗai ce a falon nan nake zaton gaisuwa ake yi. Kowa ya san sallama ce, har Baba. Ni ce na sa kwalli.

"Umma, kin tambaye ni? Ko sau ɗaya kin ce ke me kike so?"

"Da na tambaye ki me za ki ce? Za ki ce kin zaɓe shi ki bar ubanki? Ba za ki iya ba, na san abin da na haifa. Za ki ce kin haƙura, ki zo ki zauna kina kallona kullum da idon ni na sa. To gara in zama ni na sa ɗin da gaske."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ban samu inda ta yi ƙarya ba.

Sai bayan la'asar na fita bakin ƙofa inda sabis yake, na kira shi. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake. Na rubuta: "Na san komai. Laraba uku." Alama ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya fara, ya tsaya. Can sai ga shi:

"Na gwada, 'Yar Baba. Wallahi na gwada. Ki yafe min ƙaryar da na yi miki."

Na rubuta: "Kana shago?"

"Har shida."

Biyar da kwata a lokacin. Tafiyar minti ashirin ce a tasi. Ban san me zan ce masa ba, na dai san ina so ya faɗa min a fuskata, in ga bakinsa yana faɗa. Na koma da gudu na ɗauko jaka, na fito titi da rigar nan ruwan toka, na ɗaga hannu. Tasi ta tsaya. Na kama murfin ƙofar.

"Anti! Anti!"

Auta ce, ba ko takalmi. "Baba ya zame daga kujera! Ya so ya miƙe da kansa, yana ƙasa, mun kasa ɗaga shi!"

Direban ya leƙo. "Hajiya, za ki ne ko ba za ki ba?"

Na saki murfin.

A ƙasa na same shi, rabin jikinsa a ƙarƙashin teburin falo, goshinsa ya ɗan fashe, Umma ta durƙusa a kansa ta kasa miƙewa ita ma. Na cire mayafin na yar. Na sa gwiwa a ƙasa, na zura hannuwana ta hammatarsa na haɗe su a bayansa, na ce, "Baba, ɗaya, biyu," na ɗago. Ɗinkin rigar ya ɓarke a kafaɗa, na ji ƙararsa. Na kai shi gado, na wanke ciwon, na canza masa wando don ya jiƙe. Yana ta kallona yana son magana, na ce, "Yi shiru, Baba, ina nan." Na dama masa abinci mai ruwa na ba shi, ya karɓa cokali bayan cokali, bai shaƙe ko sau ɗaya ba. Da na ɗago na dubi agogon bango, bakwai saura.

Ban yi kuka ba sai da na zo cire rigar na ga inda ta yage.

Wayata tana cikin jaka a bakin ƙofar falo inda na jefar da ita. Na ɗauko ina cewa ko ya kira. Bai kira ba. Amma akwai kira uku daga wata lamba da ban sani ba, sun shigo ta intanet, sai saƙo ɗaya a ƙarƙashinsu. Na karanta shi ya fi sau ashirin daga jiya zuwa yanzu, ban nuna wa Umma ba, ban nuna wa Auta ba, ku ne na farko:

"Ni ce mahaifiyarsa. Tun da ya dawo daga gidanku ya rufe kansa a ɗaki, ko shagon bai je ba. Litinin da safe ki zo ki same ni a gida, ke kaɗai. Akwai abin da na gani a ɗakin mahaifinki da ban faɗa wa kowa ba. Kar ya san na neme ki."